SANARWA TA WAYAR HANNU: Ko Za Ta Raba Matafiyan Suleja Da Zaman Jira A Tasha?

Duk mutumin Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Anaca, in dai ya taɓa shiga doguwar mota ya biyo ta Lakwaja za shi gida, to ya san Suleja ko da bai taɓa sauka a cikinta ba. Da mota ta wuce Zuba ta shiga Madalla, ya ɗaga kai ya hango Dutsen Zuma a gefen titi, sai ya ji a ransa cewa ya fara shaƙar iskar gida. Daga nan ne masu zuwa Kaduna da Kano ke miƙewa, masu zuwa Minna da Bida kuma su ratse a mararrabar Dikko.

To, amma duk wanda ya saba da wannan hanya ya san cewa ba tsadar kuɗin mota kaɗai ke damun matafiyi ba. Akwai abin da ya fi wannan ciwo, watau rashin labari. Mutum ya yi sammako, ya ɗaura kaya, ya biya kuɗin babur zuwa tasha, sa'an nan a ce masa yau babu jirgi, ko kuwa an tare hanya a gaba tun daren jiya. Da ya sani tun yana gida, da ya canja shawara, kuɗinsa da wuninsa sun huta.

Wannan ne ya sa ake ta maganar wata dabara da zamani ya kawo, ta aika wa fasinja sanarwa kai tsaye ta cikin manhajar da ya sayi tikiti da ita a wayarsa ta hannu. Manhaja dai ita ce ɗan shirin nan da ake saukewa a cikin babbar waya, wanda da an taɓa shi zai buɗe ya nuna lokacin tashin jirgi, da kujerun da suka rage, da kuɗin da za a biya.

GARIN DA YA BA DA SUNANSA

Kafin a shiga zancen waya, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa batun sufuri ya fi shafar mutanen Suleja. Asalin sunan garin Abuja ne, daga sunan Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, wanda ya kafa shi a 1828 bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Tun ana gina birnin, ma'aikata da leburori da yawa a Suleja suke kwana. Da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba 1991, sai abin ya ƙaru, domin kuɗin hayar gida a cikin birnin ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Har yau, tun kafin gari ya waye za a ga jama'a a bakin titi daga Suleja zuwa Madalla da Zuba, masinjoji da masu gadi da magina da 'yan tireda da malaman ofis, kowa na neman motar da za ta kai shi wurin aiki kafin ƙarfe takwas.

Ga irin waɗannan mutane, duk wata doka da aka canja a Abuja a jikinsu take ƙarewa. A 2006 an hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin. A 2013 an hana ƙananan motocin haya da ake kira araba. A ƙarshen watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi cikin 'yan kwanaki. A kowane karo, wanda ya ji labari da wuri ya yi shiri, wanda bai ji ba kuwa sai a bakin titi ya gane wa idonsa.

TIKITIN JIRGI YA KOMA CIKIN WAYA

Inda dabarar manhaja ta fi kusa da mutanen Suleja shi ne jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe wannan layi a watan Yuli na 2016, tsawonsa kilomita 186, daga tashar Idu zuwa Rigasa. Jirgin yana tsayawa a Kubwa, wadda ke kan hanyar Suleja zuwa Abuja, saboda haka nan ce tashar mutanen Suleja da Madalla da Zuba. A shekarun da masu satar mutane suka matsa wa titin Kaduna, jama'a sun yi ta rububin jirgin, har tikiti ya zama abin nema, 'yan bunburutu na saye suna sayarwa da tsada.

Don maganin wannan ne Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta fara sayar da tikiti ta intanet a watan Janairu na 2021. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai rubuta sunansa da lambar wayarsa, ya zaɓi kujera, ya biya kuɗi. Daga baya an ƙara sharaɗin lambar ɗan ƙasa ta NIN. Abin lura a nan shi ne, a da mai sayar da tikiti bai san wanda ya saya ba, ya dai karɓi kuɗi ya miƙa takarda. Yanzu kuwa an san sunan kowane fasinja, da lambarsa, da jirgin da zai shiga, da ranar tafiyarsa. Ke nan idan wani abu ya faru, ana iya gaya wa mutanen da abin ya shafa su kaɗai, a cikin minti guda, ba sai an jira labaran rediyo na yamma ba.

RANAKUN DA LABARI YA YI TSADA

Tarihin wannan layi ya isa ya nuna amfanin sanarwa mai sauri. Ran 28 ga watan Maris 2022 da dare, 'yan ta'adda suka dasa bam a kan layin kusa da Katari, suka far wa jirgin da ya taso daga Abuja, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da sittin. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshensu. An dakatar da jirgin nan take. Aka ba da sanarwar zai dawo ran 23 ga watan Mayu, sai aka fasa. Aka sake sa ranar 28 ga watan Nuwamba, ita ma aka ɗaga. Jirgin bai koma aiki ba sai ran 5 ga watan Disamba, bayan fiye da wata takwas.

Ba a daɗe ba, ran 27 ga watan Janairu 2023, jirgin ya sauka daga kan layi a Kubwa, aka tsai da zirga-zirga na 'yan kwanaki. Haka kuma ran 26 ga watan Agusta 2025 ya sake gocewa a kusa da Asham, aka rufe layin har zuwa farkon watan Oktoba. A duk waɗannan ranaku akwai mutanen da ke riƙe da tikitin jirgi na gaba, wasu ma sun riga sun baro gida.

A kan titi ma haka abin yake. A watan Oktoba na 2022 ambaliya ta shafe hanya a Koton Karfe, motocin da suka taso daga Kudu suka yi kwanaki a tsaye tsakanin Lakwaja da Abuja. Ran 18 ga watan Janairu 2025 kuma wata tankar mai ta faɗi a mararrabar Dikko, ta kama da wuta, fiye da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A irin wannan rana, direban da ke lodi a Zuba da fasinjan da ke shirin fita daga Suleja ba abin da suke bukata kamar sahihin labarin halin da hanya ke ciki.

Ba kuma labarin masifa kaɗai ake bukata ba. A watan Disamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta mai da shiga jirgin ƙasa kyauta na kwanakin bukukuwan ƙarshen shekara, ta kuma rage rabin kuɗin manyan motocin safa a kan wasu hanyoyi. Irin wannan rangwame, wanda ya riga ji shi ne ke riga samu.

SHARUƊƊAN SANARWA MAI AMFANI

To, sai dai samun hanyar aika saƙo daban, iya aika shi daban. Sharaɗi na farko shi ne sanarwa ta zo da wuri. Mutumin Suleja da ke son jirgin safe yana barin gida ne bayan sallar asuba, don haka saƙon da ya iso bayan hantsi bai amfane shi da kome ba.

Na biyu, ta faɗi gaskiya a fili: wane jirgi, wace tasha, ƙarfe nawa zai tashi, kuma me mai tikiti zai yi, ya jira ne ko za a mayar masa da kuɗinsa. Doguwar ban haƙuri da ba ta ƙunshi lokaci ba, ba ta hana kowa zaman jira.

Na uku, kada a cika wayar mutane da tallace-tallace. Wanda kullum wayarsa ke ƙara ana yi masa tallar abin da bai nema ba, zai rufe kunnen manhajar gaba ɗaya, ranar da saƙon gaske ya zo kuma ba zai gani ba.

Na huɗu shi ne harshe. Fasinjojin wannan hanya da yawa Hausa suke ji, wasu kuma ajami suka iya karantawa ba boko ba. Sanarwar da aka rubuta da Turancin ofis ta bar su a baya. Ba wani abin wahala ba ne a rubuta ta da Hausa, ko ma a haɗa da saƙon murya.

INA LABARIN MAI ƘARAMAR WAYA?

Babbar matsalar ita ce, manhaja sai da babbar waya, da data, da caji, da sabis. Tsohuwar da za ta Kaduna ganin jika, jikanta ne ko wani yaron unguwa ya saya mata tikiti da wayarsa, don haka in an aiko da sanarwa, wayarsa za ta shiga alhali ita tana hanya. Sabis ɗin ma ba shi da tabbas. A ƙarshen watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro, ran 14 ga watan Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala.

Ƙasar Indiya, wadda jiragenta ke ɗaukar miliyoyin mutane a kowace rana, ta bi hanya mai sauƙi. Idan jirgi zai makara ko an soke shi, ana tura gajeren saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta wajen sayen tikiti, kuma ko ƙaramar waya tana karɓarsa. Akwai kuma lamba guda, 139, da kowa zai buga ya yi tambaya. Darasin shi ne, manhaja ƙari ce a kan lasifikar tasha da allon sanarwa da rediyo, bai kamata ta kore su ba.

Mazauna Ikko sun riga sun ɗanɗana wannan canji. Tun 2020 ake biyan kuɗin motocin BRT da katin Cowry, kuma jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 yana tsayawa a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta. A tashoshin mota na Suleja da Zuba kuwa, har yanzu ɗan kamasho ne mai shela, direbobi kuma na aika wa juna labarin hanya ta WhatsApp. Wannan hanya tana da sauri, amma jita-jita na bin ta, domin saƙon murya na bara yana iya dawowa a ce na yau ne. Fifikon sanarwar da ta fito daga cikin manhajar hukuma ko kamfani shi ne an san mai ita, kuma akwai wanda za a kama in ta zama ƙarya.

GA MAI SHIRIN TAFIYA GIDA

Mai niyyar zuwa gida da Sallah ko wata hidima, in zai bi ta Suleja, yana da kyau ya kiyaye abubuwa kaɗan. Ya sa lambar wayar da za ta kasance a hannun matafiyin, ba ta wanda ya saya masa tikiti ba. Ya bar manhajar a buɗe don karɓar saƙo, ya kuma duba ta da dare da kuma kafin ya fita. Ya yi hattara da duk saƙon da ya nemi lambar sirrin katin bankinsa da sunan mayar masa da kuɗin tikiti, domin wannan aikin 'yan damfara ne. In ya ga labarin hanya a WhatsApp, ya buga wa wani da ya sani a tashar Zuba ko Suleja ya tabbatar kafin ya yaɗa.

Ga hukumomi da kamfanonin sufuri kuwa, abin da ake nema bai da yawa. Tun da sun karɓi sunan mutum da lambarsa da kuɗinsa, haƙƙinsa ne a kansu su gaya masa gaskiya a kan lokaci, da harshen da yake ji. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.