Maganaɗisun Duwatsun Jos da Tarihin Matsawar Nahiyoyi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1915 Bajamushen nan Alfred Wegener ya wallafa ra'ayinsa cewa nahiyoyi a haɗe suke a da. Masana da yawa sun ƙi amincewa, domin kamannin gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu bai ishe su hujja ba. Hujjar da ta karya musun kuwa a cikin dutse aka same ta. Wannan maƙala za ta bayyana ta, tare da misali daga tsaunukan Jos.

2.0 Yadda dutse ke adana alƙibla

Narkakken dutse yana ɗauke da ƙwayoyin tama. Idan ya huce ƙasa da awon zafi 580 na Salshiyas, sai ƙwayoyin su ɗauki maganaɗisun duniya na wannan zamani, su riƙe shi. Fuskar da suka dosa tana nuna inda arewa take. Karkatarsu kuwa, watau ko a kwance suke ko a tsaye, ita ke faɗin nisan wurin daga tsakiyar duniya ta ikwaita. Amma ba ta faɗin ko gabas wurin yake ko yamma, kuma wannan babban giɓi ne.

A 1956 Keith Runcorn ya nuna cewa duwatsun Turai da na Amurka ta Arewa sun saɓa kan inda arewa take a da, kuma saɓanin yana gushewa idan aka rufe Tekun Atilantika a taswira. A 1963 Vine da Matthews suka fassara zanen maganaɗisun ƙasan teku, wanda da shi ake ƙididdige shekarun buɗewar tekuna.

3.0 Misalin Jos

Duwatsun Jos da Bukuru, waɗanda kuza ta fito daga cikinsu, sun daskare fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, lokacin da Nijeriya ke manne da Burazil. Kwarin Binuwai, kudu da tsaunukan, tsagewa ce da ta fara tare da buɗewar Atilantika, amma ta tsaya ba ta zama teku ba. Baƙaƙen duwatsun aman wuta na Panyam da Kerang kuwa na bayan nan ne ƙwarai, sun huce Afirka tana kusan inda take yau. Ke nan yanki ɗaya ya tara shaidun zamani biyu da za a iya gwamawa.

Sai dai ba kowane dutse ne mai gaskiya ba. Tsawa takan sauya maganaɗisun dutsen da ta faɗa wa, ruwan sama kuma yakan ruɓar da tamar. Saboda haka akan ɗebo samfur daga wurare da yawa, a gasa shi mataki-mataki har maganaɗisun baya ya goge, na asali ya saura.