Yadda Darbejiya Ta Sha Shari'a a Turai

Duk wanda ya taɓa shan inuwar darbejiya a bakin titin Kano ko Maraɗi zai ɗauka 'yar gida ce. Baƙuwa ce. Daga yankin Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, kuma can manoma suka daɗe suna daka 'ya'yanta, su jiƙa, su yayyafa wa shuka don korar ƙwari da funfuna.

Sai ga shi a 1994 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai, mai hedikwata a Munich, ya bai wa kamfanin W.R. Grace da Ma'aikatar Noma ta Amurka takardar mallakar wata hanya ta kashe funfunar shuka da man darbejiya. Irin wannan takarda ba wasa ba ce. Tana bai wa mai ita ikon hana kowa sarrafa abin ko sayar da shi har shekara 20, bisa sharaɗin cewa sabo ne, kuma ba abin da kowane ma'abocin sana'ar zai iya hangowa ba ne.

A kan wannan sharaɗi mata uku suka kafa hujja a 1995: Vandana Shiva, 'yar fafutukar kare muhalli daga Indiya, da Magda Aelvoet, 'yar majalisar Turai daga Beljiyam, da Linda Bullard ta ƙungiyar masu noma ba da sinadari ba. Ina sabon abu, in ji su, a aikin da ƙauyawa suka gada kaka da kakanni?

Amma jami'in rajista ba ya aiki da "kowa ya sani". Yana son shaida mai kwanan wata. Wanda ya kawo ta shi ne Abhay Phadke, wani mai masana'anta ɗan Indiya, da ya nuna cewa tun tsakiyar shekarun 1980 ya gwada irin wannan haɗi a gonakin manoma, a bainar jama'a. A watan Mayun 2000 aka soke takardar. Masu takardar suka ɗaukaka ƙara, suka sake shan kaye a watan Maris na 2005. Shekara goma ke nan ana kashe kuɗin lauya don tabbatar da abin da tsohuwar ƙauye za ta faɗa kyauta.

Gangamau ma ya sha irin wannan. A 1995 Amurka ta bai wa wasu masu bincike biyu na Jami'ar Mississippi mallakar warkar da rauni da garinsa. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta zaƙulo tsofaffin rubuce-rubucen Sanskrit da wata mujallar likitoci ta 1953, aka soke takardar a 1997.

Ganin haka, a 2001 Indiya ta fara tattara magungunan gargajiyarta a rumbun kwamfuta, ta fassara su zuwa Turanci, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Japananci, don jami'an rajista su duba kafin su sa hannu. A ƙasar Hausa kuwa, inda ake tafasa ganyen darbejiya don zazzaɓi, a zuba shi cikin hatsi don ƙwari, yawancin ilimin a baka yake yawo.

A watan Mayun 2024 aka cimma yarjejeniya a Geneva wadda ta wajabta wa mai neman takarda ya bayyana inda ya samo tsiron da ilimin gargajiyar da ya dogara da shi. An sharɗanta sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki.