Harshen da Aka Ƙirƙira: A Ɗaure Shi Ko a Sake Shi?

Kowa ya san zaurance, don babu ɗakin kwanan da ba a yin sa a makarantarmu. Wasu sukan juya kalma, tuwo ya koma "wotu", Kano ta koma "Noka". Amma na lura da abu biyu. Zaurancen da ake sake wa ƙa'ida kowane mako ba ya kai ƙarshen zango, don masu shi ma sai su daina gane juna. Wanda kuma mai shi ya hana kowa ƙara kalma, sai a gaji a bar masa kayansa. Wannan matsala ba ta yara kaɗai ba ce, manyan masana a Turai ma sun sha fama da ita.

A shekarar 1879 wani limamin Kirista a Jamus, mai suna Johann Martin Schleyer, ya ƙirƙiro harshe ya sa masa suna Volapük, don mutanen duniya su riƙa fahimtar juna. Nan da nan ya sami magoya baya, har a 1889 aka yi babban taro a Paris da harshen tsantsa. To, sai wasu almajiransa suka ce nahawun ya cika wuya, a sauƙaƙa. Shi kuwa ya ce harshe nasa ne, ba mai taɓa shi sai da yardarsa. Rigima ta kaure, jama'a suka watse, cikin 'yan shekaru Volapük ya durƙushe.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 1887 wani likitan ido, Ludwik Zamenhof, ya fitar da nasa harshen a birnin Warsaw, wato Esperanto, mai ƙa'idojin nahawu 16. Shi tun farko ya ce ba mallakarsa ba ne, na masu magana da shi ne. A 1894 aka jefa ƙuri'a kan ko a yi masa gyara, masu rinjaye suka ce a'a. A 1905 kuma, a taron garin Boulogne na Faransa, aka amince da wani littafi mai suna Fundamento, wato tushe, aka ce ba wanda ke da ikon canja shi. Amma ba a hana shigo da sababbin kalmomi ba, muddin sun bi ƙa'ida. Misali, kowane suna a Esperanto da harafin o yake ƙarewa. Saboda haka da kwamfuta ta zo sai suka ce "komputilo", intanet kuwa "interreto".

Duk da haka wasu ba su gamsu ba. A 1907 suka ɓalle suka kafa harshen Ido. Suka yi ta gyara bayan gyara, har sai da su da kansu suka dakatar da gyare-gyaren na wasu shekaru. Yau masu Ido ƙalilan ne, Esperanto kuwa ya fi kowane ƙirƙirarren harshe yawan masu magana.

Wani zai ce ina ruwanmu, tun da ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro Hausa? Gaskiya ne, amma ƙa'idojin rubuta ta da boko mutane ne suka tsara. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya wallafa nasa a 1912. Ba a fara amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sai bayan 1930. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an kuma yi taro a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don daidaita rubutu. Kun ga gyaran bai zo kullum ba, kuma ba mutum ɗaya ya yanke shi ba.

Mu nan Kafin Hausa, a ƙasar Haɗejiya, maganarmu ta ɗan bambanta da Kananci, wanda a kansa aka gina daidaitacciyar Hausa. Sakkwato da Katsina da Maraɗi ma kowa da tasa. In kowa ya rubuta yadda ya ga dama, kamar yadda ake yi yanzu a saƙon waya, ana rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", wata rana wasiƙar ɗa za ta gagari uba. In kuma an rufe ƙofa, da ba mu sami jirgin sama da wayar hannu da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba.

A ganina harshe kamar akuya ne a lokacin damina. In ba turke, ta shiga gonar mutane. In igiya ta yi gajarta, ta rame. Ƙa'idar rubutu da nahawu su ne turke, kada a riƙa tuge su. Kalmomi kuwa a sassauta musu igiya, don zamani riga ne. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana mu kiyaye ƙa'ida a jarrabawa da wasiƙa da waya, mu kuma rubuta kalmomin da muke ji a bakin kakanninmu kafin su ɓace. Allah ya sa mu dace, amin.