Ƙarar Saman Bene: Maganinta Na Ƙarƙashin Tayil



Wanda duk ya taso daga Sabon Gari, ya ratsa Samaru ya nufi Shika, zai ga benaye na ta tashi. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, asibitin koyarwarta ya tare a Shika a 2005, ɗalibai da ma'aikata kuwa dole su sami makwanci. Sai masu filaye suka koma gini sama. To amma ku tambayi ɗan hayar ɗakin ƙasa: ƙwas-ƙwas ɗin takalmi, jan kujera, tsallen yara, wani sa'in har daka a turmi, duk a kansa suke sauka.

Wannan ƙara daban take da surutu. Surutu ta iska yake zuwa, bango mai kauri na rage shi. Ita kuwa cikin jikin kankare take bi, inda sauti ke gudu kusan ninki goma na gudunsa a iska, ta gangara ta ginshiƙai da bangaye. Kankaren da aka manna wa tayil kai tsaye ganga ce, na sama ke kaɗawa, na ƙasa ke ji. Shi ya sa silin, komai kyansa, ba ya kashe ta; ta riga ta shiga bango.

Wurin tare ta shi ne inda ƙafa ke sauka. Bayan an zuba kankare, a shimfiɗa roba ko soso na musamman, a naɗo bakinsa jikin bango, a zuba siminti da yashi a kai, sannan tayil. Sharaɗin shi ne kada daɓen sama ya taɓa bango ko kankaren ƙasa. In birkila ya bar siminti ya haɗe su ko a kusurwa ɗaya, aikin ya ragu ƙwarai.

A Ingila ma doka ce tun 2003: ana gwada sabon bene da na'ura mai guduma 5, kowace rabin kilo, kuma ƙarar da ke isa ƙasa kada ta wuce ma'aunin desibel 62.

Masu haya a sama, ku shimfiɗa kafet, ku sa wa ƙafafun kujeru roba, turmi kuma a sauko da shi tsakar gida. Alhaji mai gini, kai kuma ka yi maganar da injiniyanka tun kafin a sayo tayil, domin in an riga an manna, gyara sai da fasawa.