Muhimman Ma'anonin Ilimin Zaman Ɗan Adam a Doron Ƙasa: Misali daga Madawa, Buza da Kaita

Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba ma'anoni huɗu waɗanda ilimin labarin ƙasa na zaman ɗan Adam ya ginu a kansu, wato muhalli, yanki, yawan jama'a da kai-komo. Mun ɗauki misalanmu daga gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jihar Tawa. Dalilinmu shi ne, tun da aka buɗe makarantun gwaji masu koyarwa cikin harsunan ƙasa a 1973 malamai suke buƙatar kalmomin wannan fanni, kuma kalmar da aka zaɓa ba tare da nazari ba tana iya ɓad da ɗalibi, tana ma iya karkatar da hukunci a rikicin fili.

1. Muhalli

Muhalli shi ne abin da mutum ya tarar: ƙasa, ruwa, iska da tsirrai. Bajamushe Friedrich Ratzel (1844-1904) ya ba da ƙarfi ga tasirin muhalli a kan al'umma. Bafaranshe Paul Vidal de la Blache (1845-1918) kuwa ya nuna cewa muhalli dama yake bayarwa, al'umma ce take zaɓe. Yankin Adar-Dutsi-Majiya ya gaskata ra'ayi na biyu. Ƙasa ce ta tuddai masu duwatsu waɗanda kwaruruka suka ratsa, kuma farin 1973 da na 1984 sun yi mata illa ƙwarai. Amma daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji suka shiga dasa layukan dogonyaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don karya ƙarfin iska. A 1984 kuma aka soma aikin raya karkara na Kaita da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar FAO, inda aka jera duwatsu, aka haƙa ramukan tare ruwa a kan gangara, aka gina ƙananan madatsai. Ashe ke nan abin da ido yake gani a yau haɗin gwiwa ne na halitta da aikin hannu.

2. Yanki

A nan ne matsalar harshe ta fi tsanani. Kalmar "ƙasa" tana nufin turɓaya, tana nufin masarauta, tana nufin Nijar baki ɗaya. Saboda haka muke ba da shawarar a keɓe "yanki" ga fili mai iyaka da hukuma, a keɓe "karkara" ga filin da gari yake nomawa. Manomi da kansa ya riga ya rarrabe filinsa: fadama mai laka da ruwa kusa, inda ake noman albasa da rani kamar a kwarin Tarka kusa da Madawa, jigawa mai rairayi, ta hatsi da wake, fako, wanda ya ƙeƙashe ruwa ba ya shigarsa.

Kalmar da ta fi buƙatar hattara ita ce "daji". Idan aka fassara ta da fili marar mai shi, an share makiyayi daga taswira, alhali nan ne wurin kiwonsa, nan burtalinsa ya bi. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar tsarin karkara ta 1993 kuma ta amince da haƙƙin makiyaya a kan wurin zamansu na asali. Wanda zai bayyana wa jama'a waɗannan dokoki da Hausa dole ne ya san cewa daji ma yanki ne mai masu haƙƙi.

3. Yawan jama'a da tsarin zama

Wajibi ne a bambanta "yawan jama'a", wato jimillar mutane, da "cunkoson jama'a", wato rabon wannan jimilla a kan faɗin ƙasa. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Kaita mutum sama da 330,000 a kan murabba'in kilomita kimanin 4,860, wato kusan mutum 70 a kowane murabba'i, alhali matsakaicin Nijar a lokacin bai kai 14 ba. Sai dai wannan lissafi yana ɓoye wani abu: tuddan duwatsu sun cinye babban kaso na filin, mutane kuwa a kwaruruka suka taru, kamar a Tamaske da Ibohaman. Nauyin da ke kan ƙasar noma ya zarce abin da adadin ya nuna.

Game da tsarin zama, Hausa tana da jerin kalmomi masu tsari: birni, gari, ƙauye, tunga, sannan ruga ta Fulani da zango. Tunga takan soma a matsayin bukkokin damina kusa da gona mai nisa, daga baya ta zama ƙauye idan an gina rijiya.

4. Kai-komo

Faransanci yakan tara abubuwa da dama cikin kalma guda, Hausa kuwa ta rarrabe su. Cin rani tafiya ce ta bayan girbi da niyyar komowa kafin shuka. Biɗa takan ɗauki shekaru, zuwa Abijan, Kano, Legas ko Libiya. Ƙaura barin gari ne gaba ɗaya. Tafiyar makiyaya zuwa arewa da damina kuwa wani tsari ne dabam mai bin ciyawa. Bambancin yana da amfani: tafiyar maza biɗa ita ce ta sa mata suka kasance mafi yawan ma'aikata a filayen aikin Kaita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fanni ba; abin da ya rage shi ne a ƙayyade ma'anar kowace, a daidaita amfani da ita a littattafan makaranta da takardun hukumomin filaye. Muna ganin ya kamata a soma da tattara kalmomin daga bakin manoma da makiyaya, kafin a koma ga ƙirƙira ko aro.