Saƙon "target is busy" wajen sabunta GRUB: gaskiya da jita-jita

Wanda ya haɗa Linux da Windows a kwamfuta ɗaya yakan buga `update-grub` don sabunta jerin zaɓin GRUB da ke fitowa idan an kunna na'ura. Wani lokaci ana cikin aikin sai wannan layi ya fito: `umount: /var/lib/os-prober/mount: target is busy`. Sau da yawa wani layin yakan biyo baya, mai cewa an kasa goge wannan folda. Daga nan sai shawarwari su yi ta zuwa, wasu na gaskiya, wasu kuwa su ne ma ke jawo asarar da ake gudu.

Kafin a tace su, ga abin da ke faruwa. A Debian da Ubuntu, `update-grub` gajeriyar hanya ce ta kiran `grub-mkconfig`, wanda ke bin ƙananan fayilolin umarni da ke cikin `/etc/grub.d` ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, `30_os-prober`, shi ke tura manhajar os-prober ta zagaya sassan faifai tana neman wasu tsare-tsaren kamar Windows. Takan ɗora kowane sashe a wata folda ta wucin gadi, ta leƙa, sannan ta sauke shi. Idan lokacin saukewa ya yi alhali wani abu na riƙe da sashen, sai kanel ɗin Linux ya ƙi yarda. Wannan ƙin shi ne saƙon da ake gani.

"Faifan ne ya fara lalacewa"

Wannan ba haka ba ne. Saƙon bai ce komai game da lafiyar faifai ba. Cewa kawai yake ana amfani da wurin. Faifan da ya fara mutuwa yana da tasa alamar: layukan `I/O error` a cikin `dmesg`, ko gargaɗin da `smartctl` ke bayarwa. Kada wani ya sa ka sayi sabon faifai, ko ya yi maka fomatin, saboda wannan layi kaɗai.

"Tunda kuskure ya fito, kwamfutar ba za ta ƙara tashi ba"

Galibi wannan ma tsoro ne kawai. `grub-mkconfig` ba ya rubutu kai tsaye a kan `grub.cfg`, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin zaɓin. Yakan fara rubuta `grub.cfg.new`, ya sa `grub-script-check` ya duba shi, sai ya ga babu kuskure sannan ya maye gurbin tsohon. Idan aikin ya tsaya a hanya, tsohon fayil na nan yadda yake. Ban da haka, umarnin ba ya taɓa ainihin GRUB da ke farkon faifai ko a sashen EFI. Wannan aikin `grub-install` ne. Abin da yakan faru dai shi ne Windows ta ɓace daga jerin zaɓi, alhali tana nan lafiya a faifai.

"Ka sa `umount -f`, dole ya sauka"

Ƙarya ce a yawancin lokuta. An tanadi wannan zaɓi ne musamman don ma'ajiyar da ke wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, irin NFS, idan waccan kwamfutar ta daina amsawa. A kan sashen ext4 na cikin gida, amsar da za ka samu ita ce dai ta farko.

"To `umount -l` yana maganinsa"

Nan akwai gaskiya, amma rabi ce, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Wannan zaɓi yana ɓoye sashen daga ganin jama'a nan take, amma manhajar da ke riƙe da shi tana ci gaba da aikinta a ciki, kuma sashen ba zai sauka da gaske ba sai ta sake shi. Kamar cire allon shago ne alhali masu ciniki na ciki. Idan foldar os-prober ce kawai ta maƙale, haɗarin kaɗan ne, domin leƙe take yi, ba rubutu ba. Amma idan sashen da ka gama gyara ne, sai ka zare faifan, ko ka bi shi da `fsck`, ko aka ɗauke wuta, abin da bai gama rubutuwa ba yana iya salwanta.

"Sau da yawa kai ne ke riƙe da shi"

Gaskiya ce tsagwaronta. Ta fi faruwa ga wanda ya tashi kwamfuta daga filasha don gyara GRUB: ya ɗora sashen Linux a `/mnt`, ya ɗaura masa `/dev`, `/proc` da `/sys`, ya shiga da `chroot`. Idan ya gama, `umount /mnt` ba zai yi aiki ba muddin waɗannan na ɗaure a ƙarƙashinsa, ko tagar umarninsa na tsaye a cikin foldar. Maganin shi ne `exit`, sai `cd /`, sai `umount -R /mnt`, wanda ke sauke na ciki kafin na waje. Wanda ya yi amfani da `--rbind` ya haɗa da `--make-rslave` tun farko, don kada saukewar ta shafi tsarin da yake aiki a kansa.

Idan har yanzu ya ƙi, a daina hasashe. `findmnt -R /mnt` zai nuna duk abin da ke ɗaure a ƙarƙashin wurin, `fuser -vm /mnt` kuma zai faɗi sunan manhajar da ke riƙe da shi da lambarta. Wani lokaci tagar duba fayiloli ce da aka manta a buɗe, wani lokaci manhajar da ke lissafa fayiloli a ɓoye. A rufe ta ta hanyar da ta dace. A yi hattara da `fuser -km`: idan aka nuna masa foldar da ba komai a ɗore a kanta, zai ɗauka babban sashen kwamfutar ake nufi, ya kashe kusan duk abin da ke aiki.

"Wannan kuskuren ne ya sa Windows ta ɓace bayan sabuntawa"

Ba lallai ba ne. Tun daga GRUB 2.06 da ya fito a 2021, masu manhajar suka hana os-prober aiki sai an ba shi izini, saboda dalilan tsaro, kuma Debian 12 ta 2023 ta zo da wannan tsari. Mai son Windows ta dawo jerin zaɓi ya rubuta `GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false` a cikin `/etc/default/grub`, ya sake buga `update-grub`. Wanda kuwa Linux kaɗai ke kwamfutarsa ba shi da buƙatar os-prober; ya mayar da layin `true`, kuskuren foldarsa ba zai sake fitowa ba.

A taƙaice, kanel ya ƙi sauke sashen ne don ya kare bayananka. Abin yi shi ne a gano mai riƙe da shi kafin a nemi umarnin da zai tilasta.