Biyar da biyar, biyu da rabi



A bazarar da ta wuce fankar ajinmu ta koma sai gurnani, ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Muka yi karo-karo, malaminmu ya kira wani mai gyara daga wajen Ƙofar 'Yandaka. Da ya duba ya ce kwandensa ne ya mutu, wato ɗan abin nan mai wayoyi biyu da ke tara caji yana taimaka wa fanka ta tashi. Fankarmu mai lamba 2.5 take so, shi kuwa masu lamba 5 guda biyu ne a jakarsa. Ya ce zai haɗa su.

Nan hankalinmu ya tashi. Biyar da biyar ai goma ne, kada a ƙone mana fanka kuɗinmu ya tafi a banza!

Ashe haɗin iri biyu ne. Lambar nan maikirofarad ake ce mata, daga sunan Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan Ingila. In aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wayoyin dama wuri guda, na hagu wuri guda, tarawa ake yi kamar an ajiye randa biyu gefe da gefe. Mai 1.5 da mai 1 su ba da 2.5. Da haka ya haɗa namu, lallai da goma za su zama.

Shi kuwa jere ya yi musu kamar raƙuman ayari, wayar wannan ta kama ta wancan. A nan raguwa ake yi. Cikin kwandensa faranti biyu ne da ɗan shamaki a tsakaninsu, kuma in shamakin ya ƙara kauri cajin da yake riƙewa sai ya ragu. Jerawa tamkar ƙara kaurin ne. Lissafin guda biyu: a ninka lambobin, a raba da jimillarsu. 5 sau 5, 25. A raba da 10, a sami 2.5. Fanka ta tashi, mu kuma muka sha iska da 'yar kunya.

Don Allah kada kowa ya gwada a gida. Kwandensa yana iya riƙe caji ko an ɗauke wuta.

Ga naku: mai 6 da mai 3, nawa za su ba da a jere, nawa a kafaɗa da kafaɗa? A kawo mana amsa kafin Juma'a.